Yadda za ki zaɓi nau'in bitamin C da ya dace da fatarki

Mutane da yawa sun sayi siram ɗin bitamin C, wato ruwan gyaran fata da ake ɗigawa a shafa a fuska, suka shafa mako biyu, fuska ta fara raɗaɗi ko ta yi ƙananan ƙuraje, suka ajiye kwalbar suka ce bai karɓe su ba. Wasu kuma sun yi wata huɗu suna shafawa ba su ga canjin komai ba. Galibi nau'in da aka ɗauko ne bai dace da fatar ba, ko kuma ya riga ya lalace tun kafin a kai rabin kwalba. Abin da ake kira bitamin C a kayan gyaran fata ya kai iri bakwai ko fiye, kowanne da halinsa da ƙarfinsa, kuma rubutun gaban kwalba ba ya gaya miki wanne ne a ciki. Sai kin juya bayanta.

Maza ma wannan bayani ya shafe su, musamman masu fama da baƙin tabo bayan aski.

Mataki na farko: me kike so ya yi miki?

Aiki uku bitamin C ke yi a fata, kuma ba kowane nau'i ne ya nuna yana yin duka ukun ba. Na farko, yana kashe kaifin wasu ƙwayoyi masu ɓarna da hasken rana da hayaƙi ke haifarwa a cikin fata. Na biyu, sinadaran jiki da ke saƙa kolajin, wato zaren da ke riƙe fata ta tsaya da ƙarfinta, ba sa iya aiki sai da shi. Na uku, yana rage saurin sinadarin tirosines, wanda ke jagorantar samar da melanin, wato abin da ke ba fata launinta, kuma ta nan ne yake dusashe baƙin tabo.

Ki zaɓi buƙata ɗaya da ta fi damun ki: tabon da ƙuraje suka bari, ƙurajen da har yanzu ke fitowa, yamushewa da tamoji, ko kariya ta yau da kullum. Wadda ta ce duka take so, ita ce ke ƙarewa da kwalbar da ta fi kowace ƙarfi, wadda sau da yawa fatarta ba za ta iya ɗauka ba.

Kuma a faɗi gaskiya tun yanzu: bitamin C ba ya sauya launin da aka haife ki da shi. Yana daidaita inda ya yi duhu fiye da sauran wuri ne kawai. Duk man da aka rubuta masa bitamin C amma ya haska mutum cikin kwana bakwai, akwai wani abu daban a cikinsa, kuma sau da yawa maganin sitiroyid ne mai ƙarfi ko sinadarin makuri, na farkon yana siranta fata, na biyun har ƙoda yake taɓawa.

Mataki na biyu: ki san halin fatarki

Tambaya guda ce ta fi muhimmanci a nan: idan wani abu ya ƙona ki, ko ƙurji ya warke, wurin yakan yi duhu ya daɗe? Idan e, to fatarki na mayar da martani ga kumburi ta hanyar zuba melanin, kuma hakan ya fi yawa ga masu duhun fata. Ga irin wannan fata, siram mai raɗaɗi na iya haifar da sabon tabo a daidai lokacin da ake neman goge tsoho. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Shi ya sa a ganina juriyar fata ita ce ke gaba da ƙarfin siram wajen zaɓi.

Sauran abubuwan lura masu sauƙi ne. Fata mai maiƙo ta fi son siram mai ruwa-ruwa. Busasshiya ta fi jin daɗin wanda aka narkar cikin mai ko kirim. Mai fama da ƙaiƙayi da saɓa, ko wadda fuskarta ke ja da ɗan abu kaɗan, ta fara warkar da fatar tukuna. Ba a ɗora tsami a kan fatar da ta tsattsage.

Mataki na uku: karanta jerin sinadarai

A bayan kwalba ko jikin kwali akwai jerin sunaye da ƙananan haruffa. An jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, har zuwa waɗanda ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, su kam ana iya zuba su yadda aka ga dama. Zan rubuta sunayen yadda za ki gan su a jiki, domin ki iya gane su.

*Ascorbic Acid, ko L-Ascorbic Acid.* Wannan shi ne na asali, shi jiki ke amfani da shi kai tsaye, kuma shi aka fi yi wa bincike nesa ba kusa ba. A 2001, likitan fata Sheldon Pinnell da abokan aikinsa a Jami'ar Duke ta Amurka suka gwada shi a fatar alade, wadda ke kama da ta mutum. Sun gano cewa ba ya shiga fata sai ma'aunin tsaminsa, wato pH, ya yi ƙasa da 3.5, kuma shigarsa na ƙaruwa har zuwa kashi 20 cikin 100, daga nan ba ƙari. Sun kuma ga cewa bayan shafawa kwana uku a jere fata ta ƙoshi, kuma sai an yi wajen kwana huɗu kafin rabin abin da ya shiga ya ƙare. Wannan na ƙarshen albishir ne ga mai fata mai laushi, domin shafawa yau a tsallake gobe ba asara ba ce.

Matsalarsa biyu. Fatar mutum tana tsakanin pH 4.5 da 5.5, don haka abin da ke ƙasa da 3.5 dole wasu su ji shi yana tsikari. Sannan da zarar an narkar da shi a ruwa, iska da haske da zafi sun fara cin sa, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Saboda haka ake haɗa shi da masu tsare shi. A 2005 ƙungiyar ta Duke ta nuna cewa haɗin kashi 15 na bitamin C da kashi 1 na bitamin E yana ninka kariyar fata daga hasken rana wajen sau huɗu, idan kuma aka ƙara rabin kashi na Ferulic Acid sai ta kai wajen sau takwas. Daga wannan aiki aka samu siram ɗin C E Ferulic na kamfanin SkinCeuticals, wanda Pinnell na cikin waɗanda suka kafa shi, kuma ya dace mai karatu ya san da wannan alaƙa. Yau kamfanoni da dama na yin irin haɗin. A jerin sinadarai bitamin E na zuwa da sunan Tocopherol.

Wannan nau'in ya dace da fatar da ta saba da sinadarai masu ƙarfi, wadda ba ta saurin yin tabo, kuma buƙatarta tamoji ne ko ɓarnar rana. Akwai kuma wanda ba a sa masa ruwa ko kaɗan, garin bitamin ne ke yawo cikin silikon ko mai. Ya fi daɗewa bai lalace ba, amma yakan yi tsakuwa-tsakuwa a hannu, kuma yakan yi zafi idan ya haɗu da danshin fuska.

Sauran nau'ukan duk an ɗaure wa bitamin ɗin wani abu ne domin kada ya lalace da wuri. Idan sun shiga fata, sai sinadaran jiki su yanke abin da aka ɗaura, bitamin ya fito. A nan gizo ke saƙar: ba duka ke shiga ba, kuma ba duk wanda ya shiga ke juyewa ba. Saboda haka kashi 10 na ɗayansu bai yi daidai da kashi 10 na asali ba. Abin da aka samu a madadin ƙarfi shi ne sauƙi a fata da daɗewa a kwalba.

*Sodium Ascorbyl Phosphate*, ana taƙaita shi SAP. Yana narkewa a ruwa, yana zama lafiya a pH wajen 6 zuwa 7, don haka ba ya raɗaɗi. Shi ne wanda ke da hujja a kan ƙuraje. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2010, mutum 50 sun yi mako 12 wasu na shafa man da ke da kashi 5 na SAP, wasu na shafa man da babu shi, kuma masu SAP ɗin sun fi samun sauƙi. Mai fata mai maiƙo, ƙuraje na fitowa suna barin tabo, daga nan zan ce ta fara.

*Magnesium Ascorbyl Phosphate*, ko MAP. Ɗan uwan na sama ne, shi ma mai sanyin hali. Wani bincike a Japan a 1996 ya yi amfani da kirim mai kashi 10, aka ga hasken tabo a mutum 19 cikin 34 masu duhun fuska da ɗige-ɗige. Sai dai a gwajin Duke na 2001 bai ƙara yawan bitamin C a cikin fata ba, alamar cewa shigarsa na da wuya kuma ya dogara da yadda aka haɗa man. Ya dace da busasshiyar fata mai saurin fushi.

*Ascorbyl Glucoside.* Bitamin C ne da aka ɗaura wa sukari, kamfanin Hayashibara na Japan ya fito da shi, kuma an daɗe ana sa shi a kayan haska tabo a can, yawanci kashi 2. Fata na sakin sa sannu a hankali. Yana da juriya ƙwarai, aikinsa a hankali ne, kuma kusan kowace fata na ɗaukar sa.

*3-O-Ethyl Ascorbic Acid*, wani lokaci a rubuta Ethyl Ascorbic Acid kawai. Yana tsakiya: ya fi na asali juriya, yana aiki a pH wajen 4 zuwa 5.5, kusa da na fata, kuma an fi neman sa domin tabo. Likitoci sun ba da rahoton wasu 'yan mutane da ya tayar wa borin fata, don haka kada a tsallake gwaji da shi.

*Tetrahexyldecyl Ascorbate*, THD a taƙaice, da makusancinsa *Ascorbyl Tetraisopalmitate*. Waɗannan a mai suke narkewa, shi ya sa suke ratsa saman fata cikin sauƙi, tunda saman fata kitse ne. Ba sa tsikari, kuma suna daɗi a busasshiyar fata ko ta wadda shekaru suka fara ja. Ana yabon su sosai a talla, amma yawancin binciken da aka yi a kan mutane an haɗa su ne da wasu sinadarai, don haka da wuya a ware rabon kowanne. Ina ganin zaɓi ne mai kyau ga wadda na asali ya gagare ta, ba tare da ɗaukar duk alkawuran talla ba.

*Ascorbyl Palmitate.* Shi kam kada a saya dominsa. Yawanci ana sa shi kaɗan ne don kada man da ke kwalba ya yi wari, kuma shi ma bai ƙara bitamin C a fata ba a gwajin Duke. Haka nan idan abin da kika gani kawai ruwan 'ya'yan itace ne, irin su Citrus Extract, babu wanda zai iya gaya miki nawa ne bitamin ɗin da ke ciki.

Tunda maganar ta zo nan: matsa lemon tsami a fuska ba madadin siram ba ne. Bitamin C da ke cikin ruwansa bai wuce kusan kashi 0.05 cikin 100 ba, tsaminsa ya kai wajen pH 2, kuma yana ɗauke da sinadaran da idan rana ta same su a fata suke ƙona ta su bar baƙin tabo na watanni.

Mataki na huɗu: kashi nawa?

Ga na asali, tsakanin kashi 8 da 20 ake yawan ambata, kuma sabon shiga ya fara da 10. Ko ƙasa da haka ma ba banza ba ne. A Faransa a 2003 an gwada kirim mai kashi 5 na tsawon wata shida, aka ga tamoji sun ragu. A Meziko a 2004 mata 16 masu duhun fuska irin na melasma sun shafa kashi 5 na bitamin C a gefe ɗaya, maganin haska tabo mai suna haidrokinon kashi 4 a ɗaya gefen, har mako 16. Haidrokinon ya fi aiki, kashi 93 suka ga sakamako mai kyau, bitamin C kuma kashi 62.5. Amma illa ta bayyana a kashi 68.7 na gefen haidrokinon, a gefen bitamin C kuwa kashi 6.2 kacal. Mata 16 ba su da yawa, amma darasin a fili yake: kashi kaɗan na aiki idan an ba shi lokaci.

Kwalba mai kashi 25 ko 30 na asali ba ta ƙara miki komai sai raɗaɗi. Kamfanin da ya ƙi faɗin nau'i da kashi, ki bar masa kayansa.

Mataki na biyar: dubi kwalbar da launin ruwan

Wannan ya fi shafar na asali mai ruwa. Ki nemi kwalbar da haske ba ya ratsawa, ko mai duhun gilashi, kuma mai famfon da ba ya barin iska ta koma ciki ta fi mai bututun ɗigawa, tunda duk buɗewa iska ce ke shiga. Gwangwani mai faɗin baki da ake tsoma yatsa shi ne mafi muni. Ƙaramar kwalba ta mililita 15 zuwa 30 ta fi babba, domin ana so ta ƙare cikin wata uku da buɗewa.

Sabon siram fari ne kamar ruwa, ko da ɗan rawaya kaɗan. Idan ya koma ruwan goro ko ruwan ƙasa, bitamin ɗin ya lalace, a zubar. Wasu kamfanoni na sa wa siram launin rawaya tun daga farko, abin da ke hana ki gane lokacin da ya juya, kuma ni ban son wannan ɗabi'a. Ki ajiye kwalbar nesa da taga da tururin banɗaki. Idan akwai firij, can ya fi. A inda zafi ke da yawa kuma babu wurin sanyi, wannan kaɗai ya isa dalilin zaɓar SAP ko Ascorbyl Glucoside ko THD. A jikin kwali akwai hoton ƙaramin gwangwani buɗaɗɗe da rubutu kamar 6M ko 12M, wato watannin da za a yi amfani da shi bayan buɗewa.

Mataki na shida: gwaji, sannan farawa

Ki shafa ɗigo ɗaya a bayan kunne ko gefen muƙamuƙi sau ɗaya a rana har kwana uku. Idan babu ja, babu ƙaiƙayi, babu kumburi, sai a hau fuska.

Da safe ya fi, domin a lokacin ne fata ke fuskantar rana da hayaƙi. A wanke fuska da sabulu mai laushi, a bar ta ta bushe sarai, domin danshi na ƙara tsikarin na asali. Ɗigo uku ko huɗu sun wadatar da fuska da wuya. A jira minti ɗaya ko biyu, a shafa man laushi, a rufe da man kariya daga rana mai SPF 30 ko sama, wato lambar da ke nuna ƙarfin kariyarsa. Idan THD ne cikin mai, yana zuwa bayan duk abin da ke ruwa-ruwa. Mako biyun farko a yi yau a tsallake gobe, sannan a koma kullum.

Man kariya daga rana ba na zaɓi ba ne a wannan tsari. Bitamin C ba ya tare hasken rana, ɓarnar da ta wuce man kariya yake ragewa. Wadda ke neman goge tabo ba ta kare fuskarta daga rana, abin da siram ya dusashe da safe rana za ta mayar da shi kafin la'asar, kuma wannan gaskiya ne ko da fatar mai duhu ce.

Ɗan tsikari na daƙiƙu kaɗan da na asali ba komai. Zafin da ya wuce minti biyu, ko saɓa, ko ja da ya wuni, alama ce ta a wanke a dakata. Bayan mako guda fata ta huce, a koma ƙaramin kashi ko nau'i mai sauƙi.

Mataki na bakwai: da me yake tafiya?

Benzoyl Peroxide, maganin ƙuraje, yana lalata bitamin C idan sun haɗu, don haka ɗaya da safe ɗaya da dare. Retinol, wani nau'in bitamin A da ake shafawa, shi ma a bar shi da dare. Sinadaran saɓe fata irin su Glycolic Acid da Salicylic Acid, ɗora su tare da na asali tara tsami ne a wuri ɗaya, a raba musu lokaci. Niacinamide kuwa, wato wani nau'in bitamin B3, tsoron haɗa shi da bitamin C ya samo asali ne daga tsofaffin gwaje-gwaje da aka yi da zafi mai yawa, kuma a amfani na yau da kullum suna tafiya tare lafiya, har ma dukansu na taimaka wa tabo ta hanyoyi daban-daban.

Kada a fara sababbin abubuwa biyu a mako ɗaya. Idan fata ta yi bore, ba za a san wanne ne mai laifi ba.

Mataki na takwas: yaushe za ki yanke hukunci?

Ki ɗauki hoton fuskarki ranar farko a gaban taga, ba kwalliya, ki sake ɗauka a wuri ɗaya da lokaci ɗaya bayan mako 8 da mako 12. Madubin kullum ba ya nuna canjin da ke zuwa a hankali. Tabon ƙuraje na sama-sama yakan fara dusashewa cikin wannan tsakani, tamoji kuwa sai an ba su wata shida.

Idan mako 12 sun cika babu canji kuma fata ba ta yi ƙorafi ba, ki hau mataki ɗaya: daga Ascorbyl Glucoside ko MAP zuwa Ethyl Ascorbic Acid, ko daga nan zuwa na asali mai kashi 10. Idan duhun faffaɗa ne a kumatu biyu da goshi da saman leɓe, musamman wanda ya zo da juna biyu ko maganin tsarin iyali, wataƙila melasma ne, kuma bitamin C shi kaɗai ba zai kawar da shi ba, sai da tsarin likitan fata. Tabon da ke girma, ko sauya siffa da launi, ko zubar da jini, ba a shafa masa komai, likita ake kai wa ya duba.